Fitilar Ɗakin Iya Kellu

"Hajiya ta ce a dakata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya kafa wa tabarmar zaurenmu ido.

Na ajiye kofin ruwan da na kawo masa. Ruwan ya ɗan zube a bakin tabarmar.

"A dakata da me?"

"Nazifa..."

"Abdul, ka dube ni! A dakata da me?"

Ya ɗago. Tunda na san Abdulwahabu ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ko moto, wato babur, ta kayar da shi a yashin hanyar Magariya da dariya yake tashi, yau ga shi leɓe a bushe.

"Da sa ranarmu. Ta ce kawunnaina ba za su zo ranar Juma'a ba."

Na ji zauren ya juya da ni. Juma'ar da Inna ta riga ta aika wa danginmu na Guci! Juma'ar da aka sayo man gyaɗa da fulawa saboda ita!

"Me na yi mata?"

"Ba ke ba ce, farin cikina. Wallahi ba ke ba ce."

"To wane ne?"

Ya shafa fuska da hannu biyu.

"Ɗakin Iya Kellu ne."

Iya Kellu kakata ce, mahaifiyar Baba. Bara waccan ta rasu. Ɗakinta na ƙasa ne mai kaurin bango, yana can ƙarshen gida, tagarsa na kallon lungun da mata ke bi zuwa pampo. Tunda ta rasu yake a rufe, sai bana da na roƙi Baba ya ba ni shi.

Ba kwana nake a ciki ba, tumatir nake raino.

Bayan na gama lise, wato sakandare, a Magariya na shiga wani furoje, shirin tallafa wa mata masu lambu. A nan aka ba wasunmu fitilar rainon shuka: doguwa ce mai faɗi kamar tire, cike da ƙananan ƙwayaye ja da shuɗi, idan suka kama tare sai ɗaki ya koma launin zoɓo. Duk wanda ya taɓa yafa irin tumatir a bazarar garinmu Waca ya san rana ba ta barin sa. Amma a ɗaki mai sanyi, ƙarƙashin fitilar nan, sai ya rayu har ruwa ya sauka a dasa shi, a ci tumatir da damina lokacin da babu shi a kasuwa ko na magani. Yayana Auwal ne ya ɗora mini panno na sola a kan rufi, ya rataya fitilar a azara, kafin ya koma Agadas wurin aikinsa.

Lafiya lau take aiki, sai kwanan nan ta tsiro da wani hali. Ta kawo, ta ɗauke. Ta kawo, ta ɗauke.

Abdul ya zaro salularsa ya miƙo mini.

Bidiyo ne. Ga lungunmu da magariba, ga tagar Iya Kellu, ga jan haske yana leƙowa ta tsagar katako, ya ɓace, ya sake leƙowa. A bayansa wata murya tana raɗa, "Innalillahi... ku duba, jama'a... ɗakin matacciya ne fa..."

Ko a mafarki na san muryar nan.

Hinda ce, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta girma a gidansu. Ita ce mai dafa masa abin da yake so tun bai tambaya ba, mai wanke masa hula ko ba ta yi datti ba.

"Cewa ake yi," ya faɗa a hankali, "wai iskokin Iya Kellu ne suka dawo neman magajiya. Wai ke suka zaɓa."

Dariya ta ƙwace mini.

Na yi ta har na riƙe ciki, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

"Ka gaya mata fitila ce?"

"Na faɗa har muryata ta dushe! Ta ce wace irin fitila ce mai launin jini? Kuma wane mai hankali ne zai kunna wa tumatir fitila, ga ranar Allah kyauta a waje? Da na nace sai ta fashe da kuka, wai an riga an shanye mata ɗa."

Ya matso kaɗan, iyakar yadda zaure ya yarda.

"Share hawayenki, Nazi. Abin nan ba komai ba ne. Ki shiga ki kwance ta ki kawo mini, in tafi da ita atilye, shagon aikina. Gobe war haka ta daina wannan haukan."

Gaskiyarsa ce. Gyaran kayan sola shi ne aikinsa a kasuwar Magariya, kuma da zai iya shiga gidanmu da tuni ya duba ta. Amma a gidan Baba, Malam Maiwada, manemi ba ya wuce zaure sai an ɗaura, ko da gobara ake yi a ciki.

Na share fuskata da gefen mayafi.

"Ba zan kwance ta ba."

"Me?"

"Idan hasken ya ɓace yau, gobe me za a ce? Za a ce na ji an gano ni, na lallashi iskokina suka kwanta. Haka zan shiga gidanku, kowa na kallon ƙafata, Hajiya na tsoron cin abincina. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a gidan, ni ce."

"To ya kike so a yi?"

"Ta zo ta gani a yadda take. Da idonta."

"Nazifa, kin san Hajiya..."

"Ita ce ba ta san ni ba."

Ya tsura mini ido. Daga baya ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Idan ba ta zo ba fa?"

Na miƙe. Na ɗauki kofina na shige gida.

Ni dai Allah Ya yi ni da taurin kai, ban taɓa musun wannan ba. Amma ranar ina shiga tsoro ya kama ni, don ina son Abdul, so irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Inna na tankaɗe na zayyana mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ajiye rariyar a hankali, wanda a wurin Inna ya fi ihu muni.

"Iya Kellu?" ta ce. "Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan? Shi kansa yaron a hannunta ya faɗo duniya! Yau ita ce mai iskoki?"

Ta kakkaɓe gari daga zaninta, ta jawo mayafi.

"Inna, don Allah kada ki je roƙo..."

"Roƙo? Allah Ya sawwaƙe."

Ba ta daɗe ba ta dawo, ta zauna ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba inda ta je.

"Inna, me kika ce mata?"

"Na ce, Ƙande, 'yata ba ta rasa manema ba. Amma uwar mijina tana kabari, ba ta da bakin da za ta kare kanta. Ki zo ki gani da idonki, in ya so ki riƙe ɗanki."

"Sai ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba."

Washegari da safe na ɗauki bido, jarkar ruwa, na tafi pampo. Ina isowa hira ta mutu. Wata ma janye 'yarta ta yi daga kusa da ni, yarinyar da kullum nake yi wa kitso kyauta.

Hinda na tsaye a gaban layi, ta sha kwalliya kamar ba ruwa ta zo ɗiba ba.

"A'a, Nazifa! Ya jiki?"

"Lafiyata ƙalau."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Mu dai addu'a muke ta yi miki."

Na ajiye bidon.

"Hinda, benci ɗaya muka zauna a lise. Ranar da aka kawo fitilar nan, ke kika taya ni sauke ta daga mota."

"Ni?" Ta dafe ƙirji. "Ban tuna ba."

Da ta zo wucewa da ruwanta sai ta rage tafiya, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Tun ina goye nake gidansu. Ke jiya-jiya kika gan shi."

Allah Shi ne shaidata, saura ƙiris in juye mata ruwanta a ka. Abin da ya hana ni, na san da na yi, kafin azahar an ce iskokin ne suka motsa.

Talata ta wuce, Hajiya ba ta zo ba.

Laraba ta wuce.

Tumatirina ya fara nuna wahala. Ganyen ya yi fari-fari, kararen suka yi tsawo suka sirance, duk sun karkata suna neman hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina shiga ba su ruwa sai in ji kamar su ma haushina suke ji.

Abdul ya kira ni.

"Nazi, rabin raina, ki bari in gyara ta. Sauran maganar mu bar wa Allah."

"A'a."

"Kina so ki rasa tumatir, ki rasa ni?"

"Kai ne za ka bari a rasa ka?"

"Ba zan bari ba! Amma uwata ce, Nazifa... ba zan iya tsallake ta ba, kuma ba zan iya barin ki ba. Ki tausaya mini."

Na kashe salular, na kifa kaina a gwiwa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina share tsakar gida, idona a kumbure, na ji ƙarar moto ta tsaya a ƙofa. Sai sallama.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Hajiya Ƙande ce, carbi a hannun dama, jakarta a hagu, bakinta na motsi. Hinda na biye da ita tana jan gefen mayafinta.

"Hajiya, don Allah mu koma... ni wallahi jikina bai ba ni ba..."

"Sakar mini mayafi."

Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya." Ba ta kalle ni ba. Inna ta duba. "Maman Auwal, kin ce in zo, ga ni. Wancan yana zaure, na ce kada ya motsa."

Wancan shi ne Abdul. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Inna ba ta yi tayin tabarma ba, ba ta yi tayin ruwa ba. Ta ce, "Nazifa, buɗe."

Muka nufi ƙarshen gida. Ina kiciniyar buɗe kwaɗo, Hinda ta ce, "Kin gani ko, Hajiya? In ba wani abu, me ya sa ake kulle shi?"

"Saboda akuyar can," na ce ba tare da na juyo ba. Akuyar Inna na tsaye a bayanmu kuwa, ta miƙo wuya, ta daɗe tana jiran ranar da za a manta da ƙofar nan.

Na tura ƙofa.

Hasken ya zubo mana a fuska. Hajiya ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara saurin jan carbi, sannan ta yi bismilla ta shiga da ƙafar dama. Muka bi ta.

Ko zama ba a yi ba, fitilar ta ɗauke.

Duhu ɗif!

"A'uzu billahi!" Hajiya ta damƙe hannun Inna.

"Wayyo Allah! Na faɗa miki! Hajiya mu gudu!" Hinda ta ƙwalla ihu, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Na ce shi ke nan, taurin kaina ya kashe mini aure.

Sai hasken ya dawo.

Hajiya ba fitilar take kallo ba. Ƙasa take kallo, inda na jera ledojin ruwan sanyi da na yanka na cika da ƙasa da taki, layi-layi har bango. Ta saki hannun Inna, ta sunkuya, ta murza ganye ɗaya ta kai hanci.

"Wannan ba tumatir ba ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"A watan nan?"

"I, Hajiya."

Ta sake shinshina ganyen. 'Yar manoma ce, a lambun mahaifinta ta tashi, hancinta ba zai yi mata ƙarya ba.

"To me ya sa abin nan yake ƙifta ido kamar mai ciwo?"

"Lalacewa ta yi. Ban san dalili ba."

"Kira wancan. Ba aikinsa ba ne? Ya faɗa mana."

Na kira shi, na buɗe muryar salula don hannuna ya samu sakewa. Ko ƙara ɗaya ba ta gama yi ba ya ɗauka.

"Farin cikina! Hasken idona, ya ake ciki? Ta yi miki faɗa? Kada ki ji tsoro, ina nan, wallahi ko me..."

"Abdul... kowa na jin ka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta juya tana duban bango, kafaɗunta na rawa.

Ya yi gyaran murya, ya koma muryar atilye.

"To. Da farko ki cire wayar batiri. Ki buɗe ƙofa da taga sosai don ki gani. Kin cire?"

"Na cire."

"Hau ki taɓa bayanta. A hankali."

Na kifa tsohon turmin Iya Kellu na taka, Inna ta riƙe mini ƙugu. Ina kai hannu na janye.

"Wash! Zafi kamar murfin tukunya!"

"Na yi zato. Akwai 'yan ramuka a bayanta, da ƙaramar fanka a ƙarƙashinsu. Kafin ki cire wayar, kin ji tana juyawa?"

"Ban ji ba. Ramukan ma ba a ganinsu, a rufe suke."

"A rufe da me?"

A lokacin ne na tuna abin da na ɗora a kanta.

"Sauko da ita mu gani," in ji Hajiya.

Na naɗe hannu da mayafi na kwance igiyar, na sauko da fitilar, na ajiye ta a bakin ƙofa inda haske yake.

Ga shi nan a shimfiɗe a bayanta. Saƙar kwarashi ce, fari da kore, da fure a tsakiya. Furen ya yi baƙi-baƙi saboda zafi, gefe ɗaya kuma ya zare.

Hajiya ta daina jan carbi.

A Waca babu wadda ba ta san saƙar Hajiya Ƙande ba. Duk gidan da ka ga rediyo ko tele a lulluɓe da irinta, to matar gidan sai ta gaya maka wa ya saƙa ko ba ka tambaya ba. Da ƙaramar Sallah ta aiko mini da wannan cikin kayan toshi, lokacin ana ɗasawa. Ni ba ni da rediyo, ba ni da tele. Ga ƙura na zubowa daga azara kullum. Sai na hau na lulluɓa wa fitilata, ina jin daɗi. Da yake ba nan take ta fara ɗaukewa ba, ko kusa ban kawo shi ne ba.

"Nazi? Kina ji na? Da me aka rufe ta?"

"Da... wani ƙyalle."

"Kai! Ai shaƙe ta aka yi! Ta ina za ta sha iska? Idan zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi don kada ta ƙone, in ta huce ta dawo. Wane irin tsumma ne wannan? Cire shi ki jefar!"

Hajiya ta miƙo hannu. Na ba ta salular.

"Tsumma ko?"

"...Hajiya?"

"Duk azumin nan ina zaune ina saƙa shi, idona na zubar da ruwa. Tsumma."

"Hajiya, wallahi ban san... ai ni ban gani ba... ƙyalle ne mai kyau, na tabbata..."

Inna ta kasa riƙewa. Ta fashe da dariya har ta dafa bango.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga saƙar tana jujjuya ta, sannan a karon farko tunda ta shigo ta dube ni sosai.

"Ke, me ya sa kika ɗora shi a nan? Ba ki da akwati? Ba ki da kwalla?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ni da abin da ya fi ta daraja, Hajiya. Shi ya sa."

Na ga ta kai gefen mayafi ido, ta ce ƙurar ɗakin nan ta yi yawa.

Sai ta ɗaga salular kusa da baki. "Kai, bar surutu. Faɗi yadda za a yi."

Inna ta je zaure ta karɓo turnabis, abin kwance ƙusa. Na zauna dirshan a ƙasa, Abdul na faɗa ina yi. Na kwance ƙusoshin murfin na tara su a tafin Inna, na ɗaga murfin a hankali don kada in tsinke waya.

Ga 'yar fankar nan. Koren zare ya nannaɗe wuyanta tam, ƙura ta zo ta daskare a kai.

"Duba wayoyin, akwai wadda ta narke ko ta saki?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Babu."

"Alhamdu lillahi! To zaren ne kawai. Ki cire shi, amma kada ki karya fiffiken."

Na gwada da farce, ya ƙi. Na gwada da turnabis, ya yi kauri. Gumi ya fara ɗiga daga haɓata.

"Matsa," in ji Hajiya.

Ta tattare zani ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta buɗe jaka ta zaro kwarashinta.

"Zarena ne, ni na san kansa. Riƙe mini nan, 'yar nan."

Na riƙe. Kanmu kusan a haɗe, ina jin ƙamshin turarenta. Ta saƙala bakin kwarashin, ta ɗan juya, ta jawo. Zaren ya biyo ta a hankali, ya yi ta fitowa har na yi mamakin inda ya samu wurin ɓuya. Da ta gama ta hura fankar, ta taɓa ta da yatsa.

Ta juya, fir!

"Ta juya!" na yi ihu, na manta gaban wa nake.

Na goge ƙurar, na mayar da murfi, na hau turmi na rataya ta. Na haɗa wayar batiri.

Haske ya cika ɗakin. A sama kuma ga wata 'yar ƙara siririya da na daɗe ban ji ba.

"Yanzu sai ku jira," in ji Abdul. "In ta yi zafi ba ta ɗauke ba, an gama."

Inna ta kawo tabarma, wannan karon har da ruwan sanyi da goro. Muka zauna a bakin ƙofa, mata huɗu, mun zuba wa fitila ido.

Hinda ce ta fara gajiya da shirun.

"Ko an gyara, Hajiya, ai mutane sun riga sun gani. Bakin duniya..."

"Wa ya nuna musu?"

Hinda ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki. Kin san fitila ce?"

Hinda ta dube ni. Jira take in tona, kuma maganar na kan harshena. Amma na ga yadda leɓenta ke rawa, na tuna ita ma son nan ne ya kai ta, sai na haɗiye. Ba wai na yafe ba ne a lokacin, kada in yi ƙarya. Na dai ga ba sai na ƙara ba.

Shirunta ya ishi Hajiya.

"Ɗauko salular taki. Ɗauki wannan ma, da ni a ciki, da tumatir. Duk inda kika aika wancan, ki aika wannan. In mun je gida ma yi sauran maganar."

Haka Hinda ta tsaya tana ɗauka, hawaye na bin kwalliyarta, Hajiya kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga ledar tumatir ɗaya sama tana cewa, "Ku duba iskokin, jama'a. Da damina za ku zo saye."

Rana ta yi ƙasa. Kaji suka fara hawa kan danga. Duk sanda na ƙifta ido sai in ɗauka ita ce ta ɗauke.

Ba ta ɗauke ba.

Har ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa, hasken nan na tsaye cak.

Na ji wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sai a lokacin na gane yunwa nake ji, yunwa ta gaske.

Hajiya ta juya wurin Inna.

"Maman Auwal, ki yafe ni. Tsoro ne. Shi ke nan gare ni namiji."

"Ba ni kika yi wa ba, Ƙande."

Hajiya ta gane. Ta dubi cikin ɗakin, ta ɗaga hannu biyu.

"Allah Ya jiƙan Iya Kellu. Ranar da zan haifi wancan, kwana ta yi a kaina ba ta runtsa ba. Allah Ya yafe mini abin da na bari aka faɗa a kanta."

"Amin," in ji Inna, muryarta ta sauko. "Ya wuce."

Da ta tashi tafiya ta naɗe saƙar za ta sa a jaka.

"Zan saƙa miki wani, wannan ya lalace."

"Hajiya, don Allah ki bar mini wannan ɗin."

Ta dube ni, ta girgiza kai, ta ajiye mini shi a cinya.

"Ke ma taurin kai gare ki, na lura. Za mu shirya. Amma ki ci abinci, 'yata, kin rame."

Na raka su har bakin zaure, na tsaya daga ciki. Ina jin ta tana cewa, "Kai, tashi ka je ka gaya wa kawunnanka, gobe bayan an sauko masallaci. Mu za mu taka da ƙafa. Maganar tsumma kuma tana nan, ban manta ba."

Da takunsu ya yi nisa na leƙa.

Yana tsaye, jakar kayan aikinsa a hannu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Nazi... kin san kin kusa kashe ni a kwanakin nan?"

"Ni ma ban ji da daɗi ba."

"Tsakaninki da Allah, da ba ta zo ba fa?"

Na dubi ƙasa.

"Da gobe da sassafe na kwance ta, na hau mota na kawo maka har Magariya, ina kuka."

Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe taurin kan na baki ne!"

"Ka kuskura ka gaya wa wani!"

"Ni? Wa zan gaya wa? Ni da ke da shari'ar tsumma a gabana."

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya. "Nazifa! An kira salla, a bar yaro ya tafi masallaci!"

Ya saɓa jakarsa. Har ya kai ƙofa, ya juyo.

"Sai gobe, amaryata."

Bai taɓa kira na haka ba.

Ya fita. Na zauna nan kan tabarmar zaure, ina dariya hawaye na zuba, ina ta faɗin alhamdu lillahi, har sai da Inna ta sake ƙwala mini kira.